An ce za a gina cibiyar kwamfutoci a gonarmu, mu sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Argungu. Bayan Babbar Salla wasu baƙi suka zo da safiyo, suka gaida mai gari, suka ce kamfaninsu zai gina babbar cibiyar adana bayanai ta ƙirƙirarriyar basira a tudun bayan gari. Sun ce matasa za su samu aiki, gari kuma ya samu wuta. Gonar geronmu ta gado, mu shida, tana ciki. Yayana ya ce mu sa hannu kafin su fasa. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi. Me ka gani? Bello.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Bello. Ka roƙi Yaya ya dakata tukuna.

Irin wannan cibiya ba kamar injin casar shinkafa ba ce. Makeken gini ne cike da dubban kwamfutoci jere a kan kanta, suna aiki dare da rana, suna huci kamar tanda. Cimarsu wuta ce, sai abin da zai sanyaya su, wanda sau da yawa ruwa ne. Babba guda tana iya shan megawat (ma'aunin ƙarfin wuta) 100 ko fiye, alhali madatsar Kainji gaba ɗayanta injinan megawat 760 aka fara kafa mata. A ƙasar Ireland, a 2023, irin waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar. Wanda ke neman wuta haka, ta ina zai rage muku? In kuma ya ce janareto zai kafa, to ƙararsa da hayaƙinsa ku za ku kwana da su.

Ruwan ne ya fi damuna. A wani ƙaramin gari mai suna The Dalles a jihar Oregon ta Amurka, cibiyoyin Google sun sha fiye da rubu'in ruwan garin a 2021, kuma sai da aka kai ga kotu kafin mutanen gari su san adadin. Can ma ba su san zafinmu na bazara ba. Kai ka fi ni sanin yadda ake ƙara wa guga igiya a watan Afrilu, da yadda mai noman rani ke tsugune gaban inji yana sauraron bututu yana jan iska. Manyan burtsatse a tudun nan suna iya sha daga ƙasa ɗaya da rijiyarku.

Aiki kuwa, lokacin gini za a ɗauki lebura da birkila da yawa. Da an gama sai 'yan injiniyoyi, da masu gadi, da masu shara.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Manyan cibiyoyin ƙasar nan yawanci a Legas suke, domin a can wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke fitowa. Me zai kawo irinsu tudun da layin waya ma sai an hau jigawa? Mai yiwuwa gaskiya suke faɗa, mai yiwuwa kuma dillalan fili ne da sabon suna a baki.

Ni ɗan Talata Mafara ne. Na tashi ina jin dattawa suna labarin Bakolori, yadda aka karɓi gonaki don madatsa, rikicin diyya ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. Har ya rasu, kakana in ya zo wucewa yakan nuna wurin da sandarsa ya yi shiru. Ka kuma sani, a Dokar Filaye ta 1978, in gwamnati ta karɓi gona, amfanin da ke kai da gini ake biya, ba ƙasar ba.

Saboda haka ku haɗu ku shida, har da mata, domin kowa na da haƙƙi a gadon. Ku je wurin mai gari cikin ladabi, ku nemi takardar rajistar kamfanin, da rahoton nazarin muhalli da dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka. A rubuta muku lita nawa za su ja a rana, daga ina, da inda wutarsu za ta fito. Ku yi karo-karo ku kai takardun wurin lauya a Birnin Kebbi, ya karanta muku su da Hausa, layi bayan layi. In sun ce ba za su iya jiran wannan ba, ku gyara gonarku, damina na tafe.