Yaya jirgin yaƙi ke gane nasa a sararin sama?

Tambaya: Malam, jirgi na can nesa, ido ba ya kai gare shi. Ta yaya matuƙi ko mai harba makami daga ƙasa zai san ɗan gida ne ko abokin gaba? Kuma me ya sa har yanzu sojoji ke harbin nasu?

Amsa: Na'urar rada, mai hango jirage daga nesa, ɗigo kawai take nunawa a allo, ba ta faɗin mai shi. Shi ya sa tun Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta fara ɗora wa jiragenta na'urar da ake kira IFF, wato mai tantance aboki daga maƙiyi. Aikinta irin na mai gadi ne da kalmar sirri. Mai son tantance jirgi zai aika tambaya ta rediyo a mita 1030 MHz, na'urar da ke cikin ɗaya jirgin ta mayar da amsa a 1090 MHz. Jiragen fasinja ma suna amsawa da lamba mai alƙaluma huɗu, kowanne daga 0 zuwa 7, wato lambobi 4,096. Wannan kowa na iya kwaikwayonta, don haka sojojin NATO ke amfani da tsarin tambayar sirri mai suna Mode 5, wanda sai an loda wa jirgi mabuɗin sirri kafin ya tashi.

Abin lura shi ne, amsa daidai tana tabbatar da ɗan gida, amma shiru ba ya tabbatar da maƙiyi. Mabuɗi na iya ƙarewa, na'ura ta lalace, dutse ya tare sigina, ko jikin jirgin ya rufe eriyarsa idan ya karkata.

A ranar 14 ga Afrilun 1994, jiragen F-15 biyu na Amurka suka kakkaɓo helikwaftocin Black Hawk biyu nasu a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka mutu. Helikwaftocin na ɗauke da lambar da ba ta yankin ba, tambayar sirri ba ta warware shakka ba, matuƙan F-15 ɗin kuma suka ɗauka helikwaftocin Mi-24 ne na Iraƙi. Jirgin sa ido na AWACS ya san da zamansu, amma maganar ba ta isa kunnen matuƙan ba.

A ƙasa, motoci kan aika matsayinsu na GPS zuwa taswirar kwamanda, dakaru kuma su saka fitilar da sai da tabaran ganin dare ake hango ta.

Farar hula da ke ƙasa ba su da ko ɗaya. Taron Mauludin Tudun Biri a jihar Kaduna da jirgi mara matuƙi ya jefa wa bam a Disambar 2023 ba shi da na'urar da za ta amsa. A irin wannan hali, bayanan sirri daga mutanen da ke ƙasa da tsauraran ƙa'idojin ba da izinin harbi kaɗai ke hana kuskure.