Ƙagaggen labari ƙarya ne? Amsa ga wata marubuciya daga Aboabo

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Iyayena mutanen Bawku ne, amma da Hausa na buɗi baki. Shekara biyu ke nan ina rubuta labarin wata yarinya mai dako a kasuwar Kejetia wadda ta ba da gaskiya ga Yesu. Wani dattijon ikilisiyarmu ya ce in bari, wai ƙagaggen labari ƙarya ne, Kirista kuwa ba ya ƙarya. Ƙawata kuma da ta karanta cewa ta yi wa'azi kawai na zuba. Maganar wa zan ɗauka? Sannan marubutan Kirista da me suke ci, yaushe suke samun lokacin rubutu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Mu fara da Baba, tunda shi ne babba, kuma tsoron Allah ne ya sa ya yi magana. Ki same shi cikin ladabi da Littafi Mai Tsarki a hannu, ki roƙe shi ya karanta miki 2 Sama'ila sura 12. Bayan Dauda ya ɗauke matar Uriya, annabi Natan bai shiga fada da tsawa ba. Labari ya kawo masa, na wani attajiri mai garkuna da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci, ya yanka wa baƙonsa. Ran sarki ya ɓaci, ya yanke hukunci da bakinsa, sai Natan ya ce masa shi ne mutumin. Babu attajirin, babu tunkiyar, amma wa zai kira Natan maƙaryaci? Haka misalan Yesu suke, na Basamariye a Luka 10 da na ɗan da ya ɓata a Luka 15.

Maƙaryaci ruɗinka yake nufi, mai ba da labari kuwa kun san da juna tun daga farko. Da kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta, an gama magana. In ta kai ƙarshe ita da kanta take cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ban taɓa jin yaron da ya wayi gari yana cigiyar gidan Ƙoƙi ba.

Maganar ƙawarki ce ta fi tsaya mini a rai, domin a can ne ƙaryar da Baba yake gudu take ɓuya. Ban ga rubutunki ba, amma irinsa ya sha ratsawa ta hannuna. Yarinya tana cikin wahala, ta haɗu da fasto, ta tuba, kafin shafi goma ta samu shago da miji da mota. Duk mai zuwa sujada a littafin ba shi da aibu, duk wanda ba ya zuwa kuwa ko boka ne ko azzalumi. Ke da kike zaune a Aboabo kin san ba haka duniya take ba. Kin san mai bi da ya yi shekara ashirin yana addu'a kuma har gobe a ɗakin haya yake. Kin san Hajiyar da take aiko muku da naman layya, wadda in ciwo ya kama yaronki da tsakar dare ita za ki fara buga wa ƙofa. Idan a takarda kika mayar da ita muguwa don jarumarki ta haskaka, kin taka Fitowa 20:16, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Ga shi kuma mafi yawan masu jin Hausa a zango Musulmi ne, littafinki zai faɗa hannunsu, kuma za su gane kansu ko su gane an yi musu ƙage.

Ki lura da yadda Littafin kansa yake riƙe baki. Littafin Esta sura goma ne, ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba, amma mai karatu yana ganin hannunsa tun daga daren da barci ya ƙaurace wa sarki. A Luka 15 ma, labarin ya ƙare uban yana waje yana lallashin babban ɗansa, ba a gaya mana ko ya shiga bikin ba. An bar wa mai ji ya ƙarasa da kansa. Mu kuwa sai mu kasa haƙuri, mu ƙara shafi uku na bayani, kamar mai miya da ba ta yarda da gishirinta ba.

Batun abinci kuma, kada in rufe ki, da wuya littafi ya ciyar da mai shi. John Bunyan, wanda littafinsa na tafiyar mai ibada ya fito a 1678, gyaran tukwane ce sana'arsa, kuma ya yi shekara goma sha biyu a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi. C. S. Lewis, wani sanannen marubucin Kirista, koyarwa ya yi a jami'a, a Oxford sannan Cambridge. A nan gida, Lawrence Darmani, wanda littafinsa Grief Child ya ci kyautar marubutan Commonwealth ta littafin farko a yankin Afirka a 1992, aikin mujalla da ɗab'i yake yi a Accra. Saboda haka kada ki saki keken ɗinkinki. Shagon ma makaranta ce, don a gaban tela mata suke sakin zancen da ba sa yi a majami'a. Ki ajiye ƙaramin littafi kusa da almakashi. Rabin awa bayan addu'ar asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ta fi yinin Asabar da ake ta ɗagawa. Watan Kirsimeti da makonnin sallah, lokacin da ɗinki yake yi miki yawa, ki ajiye biro ba tare da jin laifi ba.

Akwai wata matsalar da ba ki tambaya ba, amma za ki ci karo da ita. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Ghana take buga littattafai da su, shi ya sa masu jinta suka cika zango amma masu karanta ta da boko kaɗan ne. Kamfanonin ɗab'i na Kirista irin su Africa Christian Press da Asempa kuma Turanci ne babbar kasuwarsu. Don haka kunne za ki fara nema kafin ido: ki karanta babi-babi da muryarki, ki tura ta WhatsApp. A wajen rubutu, ki koyi ƙa'ida daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, aka sake fassara shi a 1980. Bakin mai ba da labari ya bi wannan, amma ki bar mutanen cikin labarin su yi Hausarsu ta zango. Yarinyar da take ɗaukar doya a Kejetia ba za ta yi magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kano ba.

Ga aikin da zan ba ki kafin ki sake taɓa littafin. Ki je Kejetia sau uku, ki sayi koko da ƙosai ki zauna da 'yan matan nan masu kwano. Ki tambaye su nawa ake ba su a kaya ɗaya, su nawa suke kwana a ɗaki, wa yake riƙe musu kuɗin adashi, ina suke ajiye jariri in ruwa ya sauko. Daga nan ki cire dogon jawabin fasto da nake zaton yana babinki na ƙarshe, ki karanta wa zumuntar mata sauran littafin ranar taronsu, ki gayyaci Baba ya zauna. Ki riƙe fensir a hannu, duk inda kika ga sun fara duba waya ko hira da juna, ki sa alama a gefen shafin.