Amsa: Me hukumar gari za ta iya yi bayan guguwar teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko majalisar gari tana da wani abin yi bayan guguwar teku, ko kuwa sai dai ta zuba wa gwamnatin ƙasa ido. Tana da shi sosai, dubi birnin Beira na Mozambik.

Guguwar Idai ta afka wa Beira a daren 14 ga Maris, 2019. Ta yaye kwanon gidaje, ta karya turakun lantarki, ruwa ya cinye babbar hanyar da ta haɗa garin da sauran ƙasar. Sama da mutum 600 suka rasu a Mozambik kaɗai. Kafin agajin waje ya iso, magajin gari Daviz Simango da ma'aikatansa ne ke kan titi, ana sare bishiyoyin da suka faɗi ana buɗe hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da suka yi tun kafin masifar. Tare da gwamnatin ƙasa da masu ba da tallafi, sun gyara magudanan ruwa da rafin Chiveve da ke ratsa tsakiyar gari, don haka unguwannin da aikin ya kai ruwa ya janye musu da wuri. Kwata ba ta da farin jini a wurin 'yan siyasa, amma a wannan ranar ita ta ceci rayuka.

Daga baya kwalara ta ɓarke, aka yi wa mutum fiye da 800,000 rigakafi a watan Afrilu, makarantu suka zama matsugunin waɗanda suka rasa gidaje. Majalisar ta kuma tsara nata shirin sake gina gari, ta gabatar a taron masu ba da tallafi da aka yi a Beira a ƙarshen Mayu.