Amsa: Ya dace in leƙa filin jirgin Santa Monica kafin a rufe shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ziyarar filin jirgin saman Santa Monica za ta biya kuɗin sabulu, tunda za ka je Los Angeles. Ni dai shawarata ka je, kada ka yi sanya. Hukumar birnin Santa Monica, da ke maƙwabtaka da Los Angeles, da hukumar kula da jiragen sama ta Amurka sun yi yarjejeniya a 2017 cewa za a iya rufe shi a ƙarshen 2028, har ma an riga an rage tsawon titin saukarsa zuwa ƙafa 3,500.

A nan kamfanin Douglas ya ƙera jirgin fasinjan nan mai suna DC-3, kuma daga wannan fili ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935, lokacin ana kiran wurin Clover Field. A Yaƙin Duniya na Biyu an lulluɓe masana'antar da gidaje da bishiyoyin bogi, don maƙiyi ya hango daga sama ya ɗauka unguwa ce. Wannan labarin yana burge ni ƙwarai.

Ka fara da gidan tarihin jiragen sama da ke wurin, wato Museum of Flying, akwai DC-3 na gaske a girke kusa da shi. Amma ka duba ranakun buɗewarsu a intanet kafin ka kama hanya, ba kullum suke buɗewa ba.