A11 ko A9? Juya bayanta tukuna

Ka tambaye ni wai tsakanin tabilet ɗin Samsung da ta shigo yanzu, Galaxy Tab A11, da A9 da muka saba sayarwa, wacce za ka ce wa malamar nan ta saya wa ɗanta. Har ka ƙara da cewa a ganinka sabuwar ce gaba, tunda 11 ya fi 9. Yaro, wannan maganar ɗan kallo ce, kada in sake jin ta a bakin wanda ke zaune a shagona. A8 ma da ka raina, ekran ɗinta inci 10.5 ne, ta fi A9 girma nesa ba kusa ba. A10 kuwa ba a yi ta ba a wannan jeri, daga 9 suka tsallaka 11. Suna na talla ne, kamfani ke raɗa shi yadda ya ga dama.

Ga abin da ke ciki. A9 ta fito a watan Oktoba na 2023, A11 a 2025. Ekran duka inci 8.7, kaifin hoton ɗaya. Batir duka 5100. Injin da ke tuƙa su, Helio G99, shi ne a nan shi ne a can. Kyamarar baya ɗaya ce, mega 8. To me suka canza? Ekran ɗin sabuwar yana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, tsohuwar sau 60, shi ya sa in ka ja yatsa za ka ji ta fi santsi. Kyamarar gaba ta tashi daga mega 2 zuwa 5, mai kiran bidiyo a WhatsApp zai ga bambanci. Sannan ta zo da Android 15, A9 kuwa da 13 ta fito, ka ga sabuwar za ta fi daɗewa kafin kamfani ya daina kula ta. Iyakar abin ke nan. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ta ɗauki sabuwar. In kuwa kuɗin A11 mai RAM 4 (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) da ma'ajiya giga 64 zai saya mata A9 mai RAM 8 da giga 128, ta rungumi A9 ta tafi gida, yaron zai cika ta da bidiyon karatu da na wasa bai ji ta shaƙe ba.

Canjin gaske an yi shi ne tun baya, lokacin da A9 ta gaji A7 Lite ta 2021. Waccan injinta Helio P22T ne, da yawansu RAM 3 da giga 32, ka buɗe abu biyu sai ta tsaya tana tunani. A ido kuwa kusan ba ka raba su: girma ɗaya, batir ɗaya. Wannan kamar da suke yi ita ce ta ci mini kuɗin da har yau in na tuna barci ke ƙaurace mini, kuma shi ya sa na zauna nake ba ka amsa, da na ce ka je ka share tebur.

A farkon 2023 wani mutum ya fara zuwa shagon nan. Babbar riga, turare, mota mai sanyi, carbi a hannu. Ya ce yana da makaranta mai zaman kanta, yana son malamansa su riƙa aiki da tabilet. Ya sayi A7 Lite guda goma, masu sim, wato SM-T225, ya biya nan take bai rage ko dala ba. Bayan nan yakan biyo ya gaishe ni, ya kawo gyaran wayar iyalinsa, ranar sunan ɗiyata har da shi aka ci tuwo. Ashe duk shimfiɗa ce yake yi.

Ka san abin da ya faru a wannan shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, a farkon Agusta, aka rufe gadar Gaya da Malanville da ke kan iyakarmu da Benin, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka tsaya cak. Mai son kaya sai ta Lome, a ratso Burkina cikin ayarin motoci da rakiyar soja, a yi makonni a hanya. Komai ya yi tsada, mu masu gyara muna zaune da na'urar hura zafi ba wutar kunna ta. A cikin wannan hali ne A9 ta fito, shi kuma ya zo ya ce yana son musanya: ya maido mini goman nan da na sayar masa, ya yi ciko, in ba shi sababbi goma. Muka yi ciniki a kan kuɗin masu sim, domin su na sayar masa, kuma a Yamai mai sim ita ce ke tafiya. Gida nawa ke da wifi? Mutum so yake ya sa Airtel ko Moov ko Zamani ya kama intanet a duk inda yake.

Kuɗin adashena na kwasa, na haɗa da rance wurin surukina, na ba wani ɗan kasuwa da ke da kaya a hanyar Lome. Da suka iso na kira shi, muka sa ranar Asabar. Sai ya zo ran Juma'a, daidai lokacin da ya san na tafi masallaci, domin ya san ni sarai, ina tashi da wuri in sami sahun gaba. Ya tarar da yaron da ke wurina kafin kai. Ya ce sauri yake, tafiya ta kama shi, maigida ya san da maganar. Yaron yana riƙe da waya yana kallon TikTok, ya ɗaga kai ya ƙirga kwalaye goma, ya ga tambarina na jan biro a gefen kowane, ya karɓi cikon, ya miƙa masa sababbi goma, ya koma kan wayarsa. Ko kwali ɗaya bai buɗe ba.

Da na dawo na buɗe na farko, tun daga nauyin hannu da ƙyallin baya na ji jikina ya yi sanyi. Na juya ta, na kai ta bakin ƙofa inda haske yake, na karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa: SM-T220. Mai wifi zalla. Na sa allura na zaro tiren, ga gurbin katin memori, wurin sim kuwa a shafe yake, roba ce lif. Shida daga cikin goman haka suke. Kwalin nawa ne, abin da ke ciki ba nawa ba. Wasu tsofaffi ya tsinto da araha ya zuba a kwalayena, nawa masu sim ya sayar ko ya riƙe, Allah kaɗai ya sani. Biyu daga ciki batir ya kumbura har ya fara ɗaga ekran, in ka danna gefe kana jin yana lotsawa, alamar an bar su a mota cikin zafin Afrilu ko an kwana ana cajin su da cajar banza. Ɗaya kuma an goge ta da ƙarfi, tana neman asusun Google na mai ita na farko, wanda ban san ko waye ba, mai yiwuwa ma ta sata ce. Wannan ban sayar ba, ban kuma buɗe ta ba, tana nan a ƙasan durowa, ka sha ganinta.

Na same shi da littafina, domin duk abin da ya fita shagon nan da lambarsa a rubuce, IMEI, wato lambar shaidar na'ura mai ɗaukar sim, da siriyal, da kwanan wata. Na nuna masa cewa mai wifi ba ta da IMEI ma sam, to ta yaya zan rubuta wa abu lambar da ba shi da ita? Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido, ya ce littafi ai nawa ne, abin da na ga dama nake rubutawa, shi abin da na sayar masa shi ya maido. Har da rantsuwa. Aka kai magana gaban dattawan layinmu, aka yi zama, aka ce tunda yarona ya karɓa da hannunsa ba a duba ba, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Ya zaro jika hamsin ya ajiye wai don zumunci. Asarata ta haura jika ɗari uku, a shekarar da buhun shinkafa ke neman gagarar mai iyali. Sai da na sayar da babur ɗina na biya surukina. Har gobe mutumin nan in mun haɗu wurin ɗaurin aure sai ya miƙo mini hannu yana murmushi, ni kuma in karɓa don idon jama'a, amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Yaron kuwa na sallame shi a ranar. Uwarsa ta zo ta yi kuka, ban mayar da shi ba. Abin da ke damuna da ku ƴan yanzu ke nan: kun fi mu sanin sunayen kaya, kun ga bidiyon wani a Dubai yana yage leda yana ihu, sai ku ɗauka kun san na'ura. Mu da muka fara da rediyo da kaset, kafin Nokia ma ta zo, sai da muka shekara muna riƙe wa maigida fitila kafin a bar mu mu taɓa sukudireba. Ku wata uku kun fara tambayar yaushe za ku buɗe naku shago. Hannu bai san zafin dalma ba, baki ya riga ya iya ciniki.

Saboda haka in malamar ta dawo, kafin ka ce mata A kaza, tambaye ta ko akwai wifi a gidanta. In babu, maganar mai sim kawai za ku yi. A jerin A9, SM-X110 wifi ce, SM-X115 ita ce mai sim. A11 ma iri biyun ne, ka karanta kwalin, ka karanta bayan na'urar, ka shiga saituna ka ga lambar ta yi daidai da ta kwali, ka zaro tire a gabanta, ka sa sim ɗinka ka yi kira ta ji da kunnenta. Tire kaɗai ba shaida ba ne, mai wifi ma tana da shi saboda memori, nan ne ake cin mutane. Yadda ake gwada ekran da lasifika da ramin caji ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da ruwan leda.

Kada ka manta ka duba ko akwai kan caja a kwalin, in babu ka faɗa mata tun kafin ta biya, ka haɗa ta da mai kyau ta wat 15, domin da yadda kuran ke zuwa yana ɗaukewa a garin nan, cajar jika ɗaya ita ce ke fara kashe batir. Ka sa mata gilashin kariya da riga mai kauri, yaro ne zai riƙe, faɗuwa ba makawa. Ranar da aka kawo maka fasasshiya kuma, kada ka yi odar ekran da cewa "na inci 8.7", ukun nan duka 8.7 ne, da lambar SM ake oda, in ba haka ba ka sayi abin da zai kwana a durowa.

In ta ce tana da tsohuwa a gida za ta kawo a yi musanya, ko ita ce, ko limamin unguwarku ne, ko ƙanin ubanka, kada ka karɓi komai sai ina nan. A buɗe, a kunna, mai ita ya cire asusunsa na Google da hannunsa, a rubuta lamba a littafi, ya sa hannu a ƙasa. A9 mai giga 128 guda biyu suka rage, suna kan kanta ta sama bayan kwalin batura, ka sauko da ɗaya ka caja ta tun da safe kafin a ɗauke wuta.