Makanike ya ce in canza injekta huɗu: dole ne, kuma me ya kawo wannan tsadar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai silinda huɗu ce, tana da turbo, injinta kuma irin na GDI ne. Ta ci kusan kilomita 130,000. Kwanan nan in na tayar da ita da safe sai ta yi ta karkarwa kamar na minti ɗaya kafin ta daidaita. Fitilar gargaɗin injin ta kama, da aka jona kwamfuta sai ta nuna P0302. Makanike ya ce injekta ce, wai kuma duka huɗun za a canza. Kuɗin da ya yanka mini ya ninka abin da na taɓa biya a tsohuwar motata nesa ba kusa ba. Dole ne a canza duka? Me ya sa suke da tsada haka? Maganin wanke injekta da ake zubawa a tanki ba zai yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko sisi, ka san cewa P0302 ba ta ce injekta ta mutu ba. Abin da ta ce kawai shi ne silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Fulogi na iya jawo haka, koyil na iya jawowa, dattin gawayi a kan bawul na iya jawowa, haka ma ruwan lagireto da ke tsiyaya cikin silinda. Injekta, wato na'urar da ke fesa wa injin fetur, ɗaya ce daga cikin waɗanda ake tuhuma. Mai yiwuwa makaniken naka ya yi daidai, amma in daga lambar kaɗai ya yanke hukunci, to canki-canka ya yi da kuɗinka.

Bari mu fara da dalilin tsadar. A tsohuwar motarka, injekta na zaune a waje ne, tana fesa fetur a bayan bawul ɗin shigar iska, da matsin da bai wuce 3 zuwa 4 ba a ma'aunin bar, wato kaɗan ya ɗara iskar da ke cikin tayar mota. A injin GDI kuwa bakin injektar a cikin silinda yake, inda wutar ke ci, kuma tana fesa man da matsin da ke kaiwa bar 200, a sababbin injuna ma har 350. Hudojin bakinta ba su kai rubu'in milimita ba, tana buɗewa ta rufe cikin 'yan dubbai na daƙiƙa, wani lokaci fiye da sau ɗaya kafin fulogi ya ba da wuta. Dabarar kanta ta daɗe: Mercedes 300 SL ta 1954 da ita ta fito. Amma Mitsubishi ne ya shigo da ta zamani kasuwa a 1996 a motar Galant, sannan Volkswagen ya biyo da FSI, Ford da EcoBoost, har ta zama ruwan dare. An samu ƙarfi da sauƙin shan mai, an kuma samu ƙarfen da ƙera shi ke da wuya da tsada. Shi ya sa kuɗin injektar GDI ɗaya kan ninka na irin ta da sau biyu ko uku. Masu aiki da ƙirar piezo, irin na wasu injunan BMW da Mercedes, sun fi haka ma.

Kuɗin injektar ba shi ne duka lissafin ba, kuma a nan ne masu mota suka fi zargin an cuce su. A injuna da yawa sai an cire manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, gaba ɗaya kafin hannu ya kai ga injektocin, aikin da a da ake gamawa cikin awa guda yanzu ya koma na rabin yini. Injektar da ta shekara da shekaru a cikin wuta takan liƙe, sai da abin zarowa na musamman. A bakinta akwai wani ɗan zobe na Teflon da ke tare wutar silinda; duk lokacin da aka ciro injekta, ko da lafiyarta ƙalau, sai an sa sabo, kuma da na'urarsa ake sa shi a matse shi daidai. Kamfanoni da yawa sun ce bututun ƙarfe mai ɗaukar man mai matsi sau ɗaya ake ɗaure shi, in an kwance sai sabo. A wasu motocin kuma kowace injekta na zuwa da lambar awonta, wadda dole a shigar wa kwamfutar mota. In ka ga waɗannan a takardar kuɗi, ba zalunci ba ne. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai araha da zai mayar da tsohon zobe, don bayan 'yan watanni wuta za ta riƙa bi ta gefen injektar, ta ƙona mazauninta.

Lalacewar tasu iri uku ce a galibi. Akwai toshewa, inda gawayi ke taruwa a hudojin, feshin ya karkace ko ya ragu, mota ta riƙa cijewa in an taka. Akwai matsalar lantarki, wadda ta fi sauƙin ganewa domin takan zo da lambarta, P0201 zuwa P0204 a inji mai silinda huɗu. Sai ɗiga, wadda ta fi su haɗari, kuma ita ce ta fi kama da abin da ka bayyana: allurar ciki ba ta rufewa ruf, man da ke cikin bututu ya yi ta ɗiga cikin silinda da daddare, da safe fulogi ya jiƙe, injin ya yi karkarwa har sai ya ƙone rarar. Man nan yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Wanda bai ƙone ba ya tafi salansa ya dafa matatar hayaƙi, ita kuwa takan fi injekta tsada. In ta maƙale a buɗe gaba ɗaya, silinda na iya cika da fetur har sandar fistin ta lanƙwashe.

Sai dai karkarwar safe tana da wani mai laifin da ake yawan ɗora wa injekta alhakinsa. Da yake fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska a injin GDI, babu abin da ke wanke shi. Tururin baƙin mai na sauka a kansa ya ƙone, shekara bayan shekara, har ya yi ɓawo mai kauri. A tafiyar da motarka ta yi, ba abin mamaki ba ne a leƙa a tarar da shi. Maganinsa kankarewa ne, galibi da garin ɓawon gyaɗar walnut da ake fesawa da iska. Wannan na daga cikin amfanin da aka samu da Toyota ya haɗa feshi iri biyu, na bayan bawul da na cikin silinda, a tsarinsa na D-4S tun 2005, Ford ma ya yi haka a EcoBoost mai lita 3.5 daga 2017. Ka canza injekta huɗu alhali bawul ne ya toshe, washegari da safe karkarwar na nan.

Saboda haka ka koma wurin makaniken, cikin mutunci, ka nemi ya nuna maka hujja. A fara da mai sauƙi: a musanya koyil da fulogin silinda ta biyu da na ta uku. In lambar ta koma P0303, ka tsira da ɗan kuɗi kaɗan. In ba ta motsa ba, a bar motar ta kwana, da safe kafin a tayar a ciro fulogin a duba ko ya jiƙe yana warin fetur, a zura 'yar kyamara ta ramin a ga ko akwai danshi a kan fistin, kuma fetur ne ko ruwa. A duba matsin mai a kwamfuta bayan an kashe injin da zafinsa: ya kamata ya tsaya inda yake, wani lokaci ma ya ɗan hau saboda zafi. In ya zube nan da nan, akwai inda yake bi, ko injekta ko famfon. A ga yadda kwamfutar ke ƙara mai ko rage shi. In gyaran da take yi ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. A auna matsin silinda. Kai ma ka zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina, ka lura ko yana ƙaruwa maimakon raguwa. Duk wannan bai kai kuɗin injekta ɗaya ba. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya sassauta bututun mai injin na aiki don ya ga ko mai na zuwa, kamar yadda ake yi a da. Mai a wannan matsin yana huda fata.

In an tabbatar injekta ce, ɗaya ko duka? Ni ba na goyon bayan canza huɗu don ɗaya ta mutu, muddin sauran sun ci gwaji kuma sabuwar lambarta ɗaya da tasu. Amma akwai inda canza duka ya zama dole. In famfon matsi, wanda kamshaf ke juyawa, ya fara ci yana zubar da garin ƙarfe, ko an sha mai da ruwa ko yashi, to duka sun sha daga ciki, kuma sai an haɗa da famfon da wanke bututu da tanki, in ba haka ba sababbin ma za su bi sahu. Lambar P0087, wato matsin mai ya yi ƙasa, alama ce a duba famfon tukuna. Haka nan in kamfani ya sake ƙirar: injin N54 na BMW, wanda ya fito a 2006, an yi ta sabunta injektocinsa har juyi na 12, kuma ba a haɗa na baya-bayan nan da tsofaffin juyi a rukunin silinda ɗaya. Sannan in kuɗin buɗewa ya yi yawa kuma gwaji ya nuna sauran ma sun fara gajiya, biyan aiki sau ɗaya ya fi biyan sau biyu. Ka tambayi dilan motar ko akwai kiranye, wato kiran da kamfani ke yi a dawo da mota don gyara, ko ƙarin garanti a kan injin naka, domin kamfanoni kan yi hakan a kan injekta da famfo.

Maganin tanki kuwa, mai ɗauke da sinadarin PEA yana taimakawa in toshewar ba ta yi nisa ba. Ba ya gyara allurar da ta ci, ba ya gyara lantarki, kuma ba ya taɓa bawul tunda ba ta nan yake bi ba. Ana iya ciro injektocin a wanke a na'ura, amma ka tambaya da wane matsi ake gwada su bayan wankin, don injektar da ta riƙe bar 5 a kan tebur tana iya ɗiga a 200. Na hannu da ba a gwada ba, da masu arahar da ba a san wanda ya ƙera su ba, ka bar su: in ɗaya ta ba da matsala, kuɗin aiki da zobba za ka sake biya daga farko.

Kafin a gama binciken, in fitilar ta fara ƙiftawa maimakon tsayawa, ka ajiye motar, don a lokacin ɗanyen mai ke shiga matatar hayaƙi. In kuma ɗiga ce aka samu, a juye baƙin mai a ranar da aka yi gyaran, a sa mai darajar API SP ko abin da littafin motar ya tanada, a canza fulogin silindar, kuma ka ce a ba ka tsohuwar injektar a hannu.