Tarar Sahir ta shigo min a Jidda, yaya zan yi?

Ɗan'uwa ka ce wata biyu kenan da ka fara tuƙi a Jidda, saƙon tara ya shigo maka har sau uku kuma babu ɗan sandan da ya tsayar da kai. To ai nan ba irin gida ba ne da za a tare ka ku yi ciniki a bakin titi, kyamarorin Sahir, wato na'urorin sa ido kan tuƙi a titunan Saudiyya, su ne ke ɗauka, gudu, tsallake danja, rashin ɗaura bel, har riƙe waya duk suna gani.

Fara shiga Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka duba kowace tara da ranarta da wurin. In ka tabbata ba kai ba ne, akwai wurin ƙorafi a ciki amma cikin kwana 30, kar ka yi sanya. Jar danja ita ce mai zafi, riyal 3000 zuwa 6000, ni sau ɗaya ta same ni a hanyar Makka ina sauri in kai baƙi Umra, wallahi watan nan shayi da burodi na sha.

Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne barin tara ta taru, sai ranar da za ka sabunta takardar mota ko ka nemi bizar zuwa gida ka tarar komai ya tsaya. Kuma kar ka ba wa marar lasisi aron motarka, sunanka za a rubuta.

In hatsari ne ba rauni kuma akwai inshora, ɗauki hoto ka kira Najm, kamfanin da ke duba hatsarin mota don inshora. Maganar tara kuwa, in motar ta kafilinka ce, wato ubangidan da kake zaune a ƙarƙashinsa, ku je ofishin Murur, 'yan sandan kula da hanya, tare a tantance wanda ke tuƙi ranar.